Shin wutar sola tana samar da aikin yi a Sakkwato?

Malam, ka tambaya ko wutar sola da ake kafawa gida-gida da ƙauye-ƙauye tana kawo aikin yi, ko kuwa kayan waje kawai ake sayar mana. Gaskiya ne yawancin faifan sola da batura shigo da su ake yi, amma aunawa da kafawa da gyara da share ƙurar hunturu duk a nan ake yinsu, kuma matasanmu ne ke yi.

Babban alfanun yana ga masu amfani da wutar. Ka duba manomin albasa a fadamar Rima: tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, kuɗin man injin ban ruwa yake cinye ribarsa, alhali famfon sola yana ɗaga ruwa tun hantsi har la'asar ba tare da an zuba ko lita ɗaya ba. Haka mai sayar da ƙanƙara lokacin azumi, da tela, da mai cajin waya.

A ganina, matsalarmu jari ce da horo. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da cibiyar binciken makamashi, kuma ya kamata a ƙara koya wa masu gyara aiki, domin batirin da aka haɗa ba daidai ba yakan mutu da wuri, ya bar mai shi da bashi.