Me ya haɗa hasashen sanyi da farashin wutar lantarki?

Malam, ka tambaya me ya sa kuɗin wuta ke tashi a ƙasashen sanyi tun hunturu bai kankama ba. Ai a can cinikin wuta ake yi a kasuwa, ana sayen ta gobe tun yau. Da zarar masu hasashe sun ce sanyi mai tsanani na tafe, kamfanoni sai su yi rububin saye, don sun san kowa zai kunna na'urar ɗumama ɗaki. Iskar gas ma ta yi tsada, ga shi da ita tashoshi da yawa ke samar da wuta.

Dubi jihar Texas ta Amurka a Fabrairun 2021. An hango sanyin, amma ya fi ƙarfin shirin da aka yi: rijiyoyin gas da bututu suka daskare, tashoshi suka tsaya cak. Farashin sari ya kai dala 9,000 kan kowane megawat na awa guda (ma'aunin da ake cinikin wuta da shi ke nan), gidaje sama da miliyan 4 suka rasa wuta. Abin da ya fi ba ni takaici, layin wutar Texas kusan a ware yake, shi ya sa aka kasa jawo isasshiyar wuta daga maƙwabta.