Hukuncin Sana'ar Turi da Ɗora Fim ɗin Wani a YouTube

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni matashi ne a Rigasa, ina da ɗan shago na cajin waya da turi. Mutum ya kawo wayarsa ko memori, in tura masa fina-finai, waƙoƙi, karatun Alƙur'ani da wa'azi, ya ba ni N100 ko N200 gwargwadon yawan abin. Wasu fina-finan a hannun dillali nake saye, wasu kuma saukewa nake yi daga YouTube da Telegram. Bara na buɗe tasha a YouTube ina ɗora tsofaffin fina-finan Hausa da guntayen wa'azin malamai, har an fara biyana kuɗin talla. Wani abokina ya ce haram nake ci. Ni kuwa gani nake ban ɗauke wa kowa komai ba, tunda fim ɗinsu yana nan a hannunsu, data kuma da kuɗina na saya. Mene ne hukuncin kuɗin nan, kuma yaya zan yi da wanda na riga na ci?

AMSA: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya. Abokinka ya faɗi gaskiya a wani ɓangare, ya yi gaggawa a wani, domin kuɗin da ke shiga aljihunka ba iri ɗaya ba ne. Malaman usulu suna cewa hukunci a kan abu yana biyo bayan fahimtarsa, don haka sai mun fara sanin ta ina mai fim yake cin abinci a yau.

A shekarun 1990, lokacin kaset, lissafin a bayyane yake. Furodusa ya kashe kuɗinsa ya yi fim, ya kai wa 'yan kasuwa, a buga kwafi, kowane kaset ya fita an san rabonsa a ciki. Haka aka ci gaba da faifan CD, kuma wanda ya san babbar kasuwar Kaduna a wancan zamani ya san rumfunan da ake cika makil ranar da sabon fim ya fito. Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001. Da wayoyi masu memori suka yawaita, sai turi ya maye gurbin faifai, kwafi ɗaya ya wadaci unguwa guda, kasuwar CD ta durƙushe. Ba mu kaɗai abin ya sama ba. A Amurka an buɗe Napster a 1999, inda mutane ke musayar waƙoƙi kyauta, shari'ar kotu ta durƙusar da shi a 2001. Kamfanin Apple ya zo a 2003 yana sayar da waƙa ɗaya a kan santi 99, Spotify, wato manhajar sauraron waƙoƙi, ya biyo baya a 2008 da tsarin biyan wata-wata, ya iso Najeriya a 2021. Shi kuwa YouTube, wanda aka kafa a 2005, tun 2007 ya fara raba kuɗin talla da masu ɗora bidiyo, kuma a dogon bidiyo mai tasha yana samun kashi 55 cikin 100. Wannan ne ya sa masu fim ɗin Hausa da yawa suka koma fim mai dogon zango suna sakinsa mako-mako. A da faifai ne hajarsu, yanzu kallon ne hajar. Ka riƙe wannan, a kansa hukuncin yake.

To, hujjarka ta cewa fim ɗinsu yana nan a hannunsu. Da dukiya a shari'a ta tsaya ga abin da hannu ke taɓawa, da maganarka ta yi ƙarfi. Amma a wurin Malikiyya da mafi yawan malamai, amfani ma dukiya ne, ana sayensa ana sayar da shi, kuma a kansa aka gina babin haya da ƙodago gaba ɗaya. Ka ɗauka ka shiga motar Zariya a tashar Kawo, ka zauna a kujerar da babu kowa, da aka isa ka sulale ba ka biya ba. Motar tana nan, kujerar tana nan, ko da kai ko ba kai direba zai je Zariya. Akwai wanda zai ce ba ka ci haƙƙinsa ba? Allah yana cewa a Suratun Nisa'i, aya ta 29, kada mu ci dukiyar junanmu da ɓarna, sai dai ta hanyar ciniki bisa yardar juna. Kuma a hadisin da Imam Ahmad ya ruwaito, dukiyar Musulmi ba ta halatta sai da daɗin ransa. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, wadda ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC, ta zauna a Kuwait a watan Disamba na 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne na masu su, suna da ƙimar kuɗi a al'adar mutanen zamani, shari'a ta kare su, bai halatta a keta su ba. Dokar ƙasa ma a nan ta tsaya, domin an sa hannu a sabuwar dokar haƙƙin mallaka a 2023, kuma dokar da ta kare dukiyar mutane ba tare da saɓa wa Allah ba, binta wajibi ne.

Akwai malaman da suka saɓa, musamman a kan littattafan addini, suna kafa hujja da hadisin da ya yi gargaɗi a kan ɓoye ilimi. Girmansu yana nan, amma ni ban ga hujjar ta kai inda suke so ba. Wanda ya buga littafi ya kai kasuwa bai ɓoye ilimi ba, ladan wahalarsa ya nema, kuma Bukhari ya ruwaito cewa mafi cancantar abin da za a karɓi lada a kansa shi ne Littafin Allah. Balle fim, wanda babu mai cewa rashin kallonsa zai jefa wani cikin jahilcin addini. Sai dai kuma ba na kiran abin da kake yi sata irin wadda ake yanke hannu a kanta, sharuɗɗanta ba su cika ba. Sunansa cin haƙƙi, kuma cin haƙƙi ya isa abin tsoro.

Tasharka ta YouTube ita ce mafi nauyi, kuma hukuncinta bai da wani ruɗani. Kuɗin talla a asalinsa halal ne ga wanda ya ɗora aikinsa na halal, domin ya yi kama da jinga, wato a ce wanda ya kawo kaza yana da kaza, kamar yadda ya zo a Suratu Yusuf, aya ta 72. Abin da ake buƙata shi ne ya toshe tallan caca da giya da makamantansu iyakar damar da kamfanin ya ba shi. Amma kai aikin wani ka ɗora. Duk mutumin da ya kalla a wurinka, an rage shi daga masu kallon mai fim, kuɗin da zai je Kano ko Unguwar Sarki wurin wanda ya ciyo bashi ya biya 'yan wasa da mai kyamara da mai tacewa, ya karkato Rigasa. Bayan haka ka amince da sharaɗin kamfanin cewa abin da kake ɗorawa naka ne ko kana da izininsa, Musulmi kuwa suna kan sharuɗɗansu, kamar yadda Abu Dawud ya ruwaito. Masu kallon da suka cika maka mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo da kamfanin ya sharɗanta har aka fara biyanka, ba don kai suka zo ba. Na san kuma dabarun da ake yi don kada na'urar kamfanin ta gane fim ɗin: a juya hoton dama ta koma hagu, a sa masa kewaye, a ɗan sauya sautin. Idan kana yi, to zuciyarka ta riga ni ba ka fatawa. Tsufan fim ba ya mayar da shi na kowa. Idan mai shi ya rasu, magada suna nan, wataƙila ma marayu ne.

Shago kuwa sai an rarrabe. Cajin waya halal ne. Wahalar turi, da kwamfutarka da man janaretonka da lokacinka, aiki ne da ake karɓar lada a kansa, matsalar tana ga kayan da ake turawa. Fim ɗin da ka saya a hannun dillali, ka bincika ko shi ma da izinin furodusa yake sayarwa, kuma ko cinikin ya haɗa da damar turi. Idan haka ne, ci kuɗinka da daɗin rai. Wanda ka kwaso daga Telegram alhali mai shi yana sayar da shi a manhaja, wannan haram ne turinsa, haram ne kuɗinsa. Wanda aka saki a YouTube shi ne ke ruɗar mutane, sai a ce ai kyauta ne. Kyauta ne ga mai kallo a can, domin mai talla ya biya masa. Idan ka sauke ka raba wa mutum 50 a memori, ka yanke wannan biyan, don haka sai da izini. Izinin ba dole sai a takarda ba. Akwai mawaƙa da masu barkwanci da ke roƙon a yaɗa aikinsu, domin abincinsu yana wurin biki da taro, irin waɗannan al'ada ta wadatar.

Wa'azi da karatu su ne suka fi sauƙi. Mu a garin nan mun san yadda tafsirin Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, Allah ya jiƙansa, ya fita daga Masallacin Sultan Bello ta Rediyon Kaduna da kaset ya shiga ƙauyukan da bai taɓa takawa ba. Galibin malamai yaɗuwar karatunsu suke so, don haka tura shi a waya ka karɓi ladan aikinka, har ma ka samu ladan Allah. Amma ɗora shi a tasharka don talla wani abu ne daban. Idan malamin ko kwamitin masallacinsa suna da tasharsu, kuma da ita suke biyan yaran da ke ɗaukar karatun, ka nemi izininsu. Sannan ina yi maka kashedi da abin da ya zama ruwan dare: a yanko minti biyu daga karatun awa guda, a cire farkonsa da ƙarshensa, a rubuta a kai wai malam wane ya yi kaca-kaca da malam wane. Da idona na ga an yi wa wani karatu haka, malamin yana kawo maganar wasu ne don ya warware ta, aka yanke daidai kafin warwarar, aka jingina masa ita. Almajirai suka kwana suna zagin juna, mai tasha yana ƙirga masu kallo. Wannan ya haɗa ƙarya da annamimanci, kuma ya fi ɗora fim muni nesa ba kusa ba.

Abin da yake batsa ne ko tsiraici, ko mai shi ya ba ka izini da hannu biyu bai halatta ba, domin idan Allah ya haramta abu ya haramta kuɗinsa. Ka kuma dubi shekarun yaron da ya miƙo maka memori. Saɓanin malamai a kan kiɗa mas'ala ce mai zaman kanta, ba ita ka tambaya ba.

Saura kuɗin da ka riga ka ci. Rashin sani yana ɗauke zunubi, amma ba ya ɗauke haƙƙin mutane. Na tasha lissafinsa mai sauƙi ne, domin YouTube yana nuna maka abin da kowane bidiyo ya kawo. Ka sauke fina-finan da ba naka ba, ka nemi masu su, sunan kamfani yana jikin fim ɗin, sau da yawa har da lambar waya. Ka gaya musu gaskiya. Wani zai yafe, wani zai karɓi kuɗinsa, wani ma zai ce ka ci gaba ku riƙa rabawa, wannan yarjejeniya kuwa halal ce idan an fayyace kason kowa, kuma ya fi kyau a rubuta. Ina kira ga furodusoshi su sauƙaƙa wa irinka, su yanka kuɗin izinin da mai ɗan shago zai iya biya. Wanda ka nema ka rasa shi da magadansa, ka yi sadaka da kasonsa da niyyar ladan ya je gare shi. Na shago, wanda ba ka da rubutunsa, ka ƙiyasta abin da ya fi rinjaye a zatonka ka bi da shi ta wannan hanya. Idan babu hali yanzu, bashi ne a kanka, ka riƙa biya kaɗan-kaɗan daga kuɗin caji, ba sai ka rufe shagon ba.

Wallahu a'alam.