Buguwar kai: ba girman ƙulu ake dubawa ba

Tambaya: Likita, na zame a banɗaki ƙeyata ta bugi bango. Ƙulu ya fito kamar ƙwai, amma ban suma ba. Sai na je asibiti?

Amsa: Sannu, Malam. Ƙulun nan da ya tayar maka da hankali shi ne ƙarshen abin da nake dubawa. Fatar kai cike take da jijiyoyin jini, shi ya sa take saurin kumbura. Naɗe ƙanƙara a tsumma ka ɗora, ka sha farasitamol. Asfirin da ibuprofen ka bar su tukuna, suna iya ƙara zubar jini. Wani ya zauna tare da kai awa 24 na farko.

Tambaya: Maigidana ya faɗo daga babur, ya suma kamar minti ɗaya, ya miƙe ya ce garau yake. Da yamma ya yi amai sau biyu, yana ta maimaita tambaya ɗaya. An ce kada in bar shi ya yi barci.

Amsa: Malama, ki kai shi asibiti yanzu, kada a jira safiya. Suma kaɗai ta isa dalili, balle ga amai da mantuwa. Wani lokaci jijiya ce ke fashewa tsakanin ƙoƙon kai da ƙwaƙwalwa, jini ya riƙa taruwa, shi kuwa ƙoƙo ba ya buɗawa. Mutum zai tashi ya yi hira, har da dariya, bayan 'yan sa'o'i ya faɗi. Hoton CT, wato hoton cikin kai da na'ura ke ɗauka a asibiti, shi ke nuna wannan, ba kallon ido ba.

Barci kuwa ba shi ke kisa ba. Abin tsoro shi ne a tashe shi ya kasa farkawa sosai. Haka nan ciwon kai mai ƙaruwa, jijjiga, harɗewar magana, baƙin tsakiyar ido ɗaya ya fi ɗaya girma, ko ruwa garai-garai na fita ta hanci ko kunne. In yana kukan wuya, kada a jujjuya shi.

Tambaya: Mahaifinmu mai shekara 72 yana shan warfarin, maganin tsinka jini. Mako uku da suka wuce ya bugi ƙofa da goshi, ko ƙwarzane babu. Yanzu yana rikicewa, yana jan ƙafa ɗaya. Tsufa ne?

Amsa: Allah Ya ba Baba lafiya, amma kada ku ɗora wa tsufa. Da shekaru ƙwaƙwalwa kan ɗan tsuke, ƙananan jijiyoyin da ke kanta su miƙe, bugu kaɗan sai su tsinke. Jinin na tsiyaya ne a hankali, alamun su fito bayan makonni, lokacin kowa ya manta da ƙofar. Tun ranar ya kamata a duba shi, kamar duk mai shan maganin tsinka jini. Ku kai shi yau, da kwalin maganin a hannu, ku kuma faɗa wa likita labarin ƙofar ko bai tambaya ba. Sau da yawa ƙaramin aiki ake yi a zuƙe jinin, Baba ya dawo hayyacinsa.