Ƙarin tankin mai a motar gona: amsa ga manoman fadama

Wani manomin shinkafa daga yankin Guri a jihar Jigawa ya aiko da tambaya: Hilux gare shi mai jan taya huɗu, mai shan man gas, wato dizal, kuma gidan man da ya yarda da shi sai Haɗeja. Yana so mai walda ya ƙera masa ƙarin tanki na lita 100.

Alhaji, dabarar ta yi, amma fara da lissafin nauyi. Lita 100 ta gas kilo 84 ce, tankin da ƙarafan ɗaurinsa su ƙara kamar kilo 35. Ka ɗauka buhun shinkafa ne da 'yan kai ka ɗora wa motar, wanda ba a sauke shi. Don haka mazauninsa cikin bodi ne, daf da bayan kan mota, gaba da tayoyin baya. In ka kai shi can ƙarshen bodi, sifirin zai kwanta, gaban motar ya yi shafal, sitiyari ya riƙa yawo a cikin yashi. Tankin da motar ta zo da shi lita 76 zuwa 80 ne gwargwadon samfuri, kuma a ganina ƙarin lita 60 zuwa 80 ya wadatar.

A yi shi da baƙin ƙarfe mai kaurin milimita 2, ko alminiyam mai milimita 3. Kada a taɓa amfani da ƙarfen da aka shafe da tutiya, irin na kwanon rufi da tankin ruwa: gas yana cin tutiyar, ta bi mai ta je ta lalata nozul. A ciki a sa katanga biyu masu ramuka, don kada man ya riƙa tambal-tambal a gargada har ya tsage walda. A ƙasa kuma a bar noti na zubar da ruwa da laka. Kafin tankin ya ga mai, a toshe kafofinsa, a hura masa iska kaɗan da famfon keke, a shafa ruwan sabulu a kan duk layin walda. Inda ya yi kumfa, nan yake yoyo. Yanzu ne lokacin gyara, domin tankin da ya taɓa shan mai ba a kai masa wuta, ko da an wanke shi.

Wajen ɗauri, a shimfiɗa roba a ƙarƙashinsa, a ɗaure da noti huɗu ko shida, kowanne da faffaɗan ƙarfe ta ƙasan bodi. Ba a liƙe shi da walda a jikin mota, saboda bodi yana murɗawa a hanyar gona, tankin ne zai tsage.

Inda aka fi yin kuskure shi ne haɗi. Wasu makanikai sukan ja tiyo daga sabon tankin zuwa tsohon, su bar mai yana gangarowa da kansa. Tunda sabon ya fi tudu, tsohon na cika sai man ya nemi hanya ta kafar numfashinsa ya zube, wani lokacin kusa da salansa. Abin da ya dace shi ne ƙaramin famfon lantarki mai shan wutar batir, ya ɗebo daga sabon tanki ya zuba a wuyan tsohon, da bawul na hannu a bakin fita, sannan filta mai raba ruwa da mai kafin famfon. Filtar nan ba ado ba ce, injin D-4D, wato injin gas na Hilux, ba ya jure ruwa ko kaɗan. Tiyon ya zama na mai, ba na ban ruwa ba, wayar kuma ta bi ta fiyus mai amfiya 10 kusa da batir. Ka san ƙarfin famfonka: mai ba da lita 2 a minti zai kwashe lita 40 cikin minti 20. Kada ka kunna sai allurar mai ta sauka ƙasa da rabi, kuma a sa fitila mai nuna yana aiki, don mantuwa ke sa ambaliya.

Sabon tankin ma yana bukatar numfashi, in ba haka ba famfo zai tsotse shi har ya lotsa. A ja siririn tiyo sama da tankin, a lanƙwasa bakinsa ƙasa, a sa masa ƙaramar filta saboda ƙurar hunturu da ruwan damina. Kada a cika shi fal. A bar sararin lita 5 cikin 100, don mai yana kumbura a zafin bazara.

Wani kuma daga Bunkure a jihar Kano ya ce tasa motar mai fetur ce, kuma yana so ya riƙa ɗura wa injin ban ruwa daga tankin.

Malam, a nan ba na goyon bayan ƙirar gida. Gas sai ya ɗau zafi sama da digiri 50 kafin tururinsa ya kama wuta, amma tururin fetur yana kamawa ko da sanyin asuba, tartsatsi ɗaya daga waya ya isa. In dole ne, nemi tankin kamfani da aka ƙera don fetur, da famfon da aka rubuta na fetur ne, don famfon gas ba ya maye gurbinsa. Ga injin ban ruwa kuwa, jarkar ƙarfe mai lita 20 ta fi sauƙi da aminci. A sauke ta ƙasa kafin a cika ta, a ɗaure ta tsaye a inuwa cikin bodi, kuma a kashe injin ya huce kafin a zuba masa.