Batirin jirgina ya kumbura: in huda shi iskar ta fita?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na haɗa jirgi marar matuƙi mai farfela huɗu daga kayan haɗi samfurin F450, injina samfurin 2212, batiri 3S (mai sel uku, wato ƙananan batirai uku a haɗe) mai 2200mAh. Da farko lafiya lau yake tashi. Tun da na ɗora masa kyamara da mariƙinta sai lokacin tashi ya ragu, yanzu kuma batirin ya kumbura. Wani mai gyara ya ce iska ce kawai ta taru, in sa allura in huda ta fita in liƙe da salatif, ko in sa shi a firji ya kwana. Gaskiya ina jin tsoro, don a ɗakin da nake kwana nake caji. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Tsoron nan naka yana kan hanya. Kafin ka ƙarasa karanta wannan amsa, tashi ka fitar da batirin daga ɗaki, ka ajiye shi a waje kan siminti ko cikin bokitin ƙarfe mai yashi, nesa da duk abin da wuta ke ci. Kada ka sake caja shi, kada ka sake tashin jirgi da shi.

Yanzu sai maganar allura. Babu shawarar da nake yawan cin karo da ita irin wannan, kuma kullum daga bakin wanda ke cewa ya sha yi bai ga komai ba. Abin da ke cikin batirin LiPo (nau'in batirin lithium irin naka) da ya kumbura ba iskar shaƙa ba ce. Ruwan sinadarin da ke ciki ne ya fara lalacewa yana fitar da gas, wani ɓangarensa mai kama wuta ne. Ma'ana kumburin alama ce, ɓarnar ta riga ta auku a ciki. Ko ka yi nasarar fitar da gas ɗin, sinadarin da ya lalace ba zai dawo ba, sai dai ka ɓoye wa kanka alamar.

Sannan ka san yadda cikin yake. Zanen ƙarfe ne sirara birjik, an jera su a matse, tsakanin kowane biyu akwai 'yar leda da ba ta kai kaurin gashin kai ba. Ita kaɗai ta hana ɓangaren positif da na negatif haɗuwa. Allurarka ƙarfe ce. Ta zarce kaɗan, ta haɗa su. Daga nan zafi ya tashi a wuri ɗaya, ledar ta narke, wurin haɗuwar ya ƙaru, zafin ya ƙaru, sel ɗaya ya kunna na kusa da shi. Duk wannan cikin daƙiƙu ne. Wutar kuma ba ta jin bargo ko murfi yadda ya kamata, domin kayan cikin batirin da kansu suna sakin iskar da ke rura ta. Hayaƙin ma guba ne. Wanda ya huda ya tsira, danshin iska ya riga ya shiga, salatif ba zai hana shi ci gaba da cin batirin ba. Sai wutar ta jira ranar caji, wataƙila cikin dare.

Batun firji shi ma ruɗi ne. Sanyi yana sa gas ya ɗan tsuke, batirin ya yi kamar ya saɓe, mutum ya ce ya warke. Ya dawo cikin ɗumi, ya koma yadda yake. Ga raɓa da za ta taru a wayoyinsa, ga kuma haɗarin cajin batirin lithium yana da sanyin ƙanƙara, wanda ke ƙara lalata cikinsa. Akwai masu danne shi da katako ko littattafai wai ya miƙe. Wannan matse ledar nan ce da hannunka. Kamfanin Samsung sukutum, a 2016, janye wayar Galaxy Note 7 ya yi daga kasuwa saboda batirinta na kamawa da wuta. Bai ce masu ita su nemi allura ba. To mai gyaran naka me ya sani wanda su ba su sani ba?

Abin da ya fi ba ni haushi, mai ba da shawarar ba a gidansa za a yi cajin ba.

Dalilin kumburin naka kuwa a fili yake. Ka ƙara nauyi, injina sun ƙara jan wuta, kai kuma kana son tsawon lokacin da ka saba. Sai ka riƙa tatsar batirin har ƙasa. Kowane sel yana cika a volt 4.2, wato 12.6 a 3S. Idan ya sauko 3.5 kana sama, wato 10.5 gaba ɗaya, lokacin sauka ya yi. Ƙasa da 3.0 lalacewa ce. Saita gargaɗin ƙarancin wuta a na'urar sarrafa jirgin, manhajojin ArduPilot da Betaflight duk suna da shi, ko ka maƙala 'yar ƙararrawar gargaɗin batiri a filogin balans (ƙaramin filogin da wayoyinsa ke zuwa kowane sel). Kada ka ci fiye da kashi 80 cikin ɗari na abin da batirin ke ɗauka, a naka kimanin 1760mAh ke nan. Lambar C (mai nuna yawan wutar da batiri zai iya bayarwa a lokaci ɗaya) da ke jikin batirai masu araha kuma kada ka ɗauke ta da muhimmanci sosai, da yawa ƙari ne.

Sauran dalilan su ne barin batiri a cike kwana da kwanaki, da barinsa cikin zafi. In ba za ka tashi ba nan kusa, ka sauke shi zuwa 3.8 kowane sel, cajar kirki tana da wannan tsarin. Caji kuwa da cajar balans mai daidaita cajin kowane sel, a 1C, wato amp 2.2 ga 2200mAh, kana wurin idonka biyu, ba a ɗakin kwana ba. Sabon da za ka saya ya ɗan fi wannan girma tun da akwai kyamara, amma ka auna nauyin jirgin tukuna, don babban batiri shi ma kaya ne.

Wannan da ya kumbura, ka haɗa shi da ƙaramin ƙwan fitilar mota mai volt 12, a waje cikin bokitin yashin, ka tsaya nesa kana lura. Bayan ƙwan ya mutu ka bar shi a haɗe na tsawon yini, sannan ka auna da mita ka tabbatar ya kai sifili. Ruwan gishiri da ake cewa a jiƙa shi ban yarda da shi ba: yakan cinye ƙarafan haɗin kafin wutar ciki ta ƙare, sai mita ta nuna sifili alhali sel ɗin na da sauran caji. Idan ya mutu murus, ka naɗe bakin wayoyin ka kai wurin da ake karɓar tsofaffin batirai, kada ka jefa shi cikin sharar da za a ƙona.