Tambaya da Amsa: Aya-aya, Tofa da Sauran Hakin da ke Cinye Ciyawar Ado

Tun faɗuwar ruwan farko a watan Mayu, yawancin saƙonnin da ke shigowa wannan fili kan abu ɗaya suke: an kashe kuɗi an dasa ciyawar ado a harabar gida, ga haki ya taso yana neman korar ta. Ga waɗanda muka zaɓa a wannan fitowa.

Assalamu alaikum. Bara na sa aka dasa min ƙiri-ƙiri a haraba. Bana wata ciyawa mai sheƙin ganye ta cika wurin, in an yi aski yau, jibi ta fi sauran tsawo. Yaron da ke min aiki kullum cikin tuge ta yake, amma kamar taki ake zuba mata. — Wani magidanci, Hanwa

Wa alaikumus salam, Alhaji. Aya-aya ce ta same ka. Don ka tabbatar, tuge guda ka murza karanta tsakanin babban yatsa da manuniya. Za ka ji kusurwa uku, alhali karan ciyawar gaske zagaye yake ko ɗan shafaffe, kuma yana da gaɓoɓi. Sa wuƙa ka tono gindin a hankali, za ka tarar da 'ya'ya baƙaƙe masu tauri, a jere kan siririyar saiwa kamar carbi. In ka fasa ɗaya, cikinsa fari ne, da ɗan ƙamshi.

Carbin nan shi ne matsalar. Muddin jeren yana haɗe, yawancin 'ya'yan kwance suke ba su tsiro ba. Da yaro ya fizgi kan, saiwar ta tsinke, sai na ƙasa su farka, inda aka cire ɗaya a ga uku. Aikin yaron ba banza ba ne, amma sai an gyara yadda yake yinsa. In wurin kaɗan ne, a tona zurfin taƙi guda, wato kamar santimita 20, a tsince 'ya'yan a zuba a bokiti a fitar da su daga gidan. In ya yi yawa, a riƙa cire kan duk mako biyu, tun ba ta kai ganye shida ba, domin daga nan take fara sabbin 'ya'ya. Kowace sabuwar tofowa daga abincin da ɗan ya ajiye take ci, in aka hana shi mayarwa zai ƙare. Sai dai aikin damina guda ne cur, wani lokaci biyu.

Rana ma tana kashe su. A Maris da Afrilu, in aka kafce wurin da ya fi lalacewa aka juyo 'ya'yan sama, aka hana su ruwa, ana sake juyawa duk mako, zafin bazarar Zariya zai busar da mafi yawansu. Ka kuma duba ko akwai famfo mai ɗiga ko tanki mai ambaliya kusa, don aya-aya ta fi son inda ruwa ke kwanciya. Sau da yawa ma cikin baƙar ƙasar fadama da tifa ta kawo aka shigo da ita.

Batun magani: 2,4-D, maganin feshi na haki mai faɗin ganye, yana ƙona mata kai ne kawai, ta sake dawowa. Wanda aka yi dominta a cikin ciyawar ado shi ne mai sinadarin halosulfuron, in ka same shi. In ba ka samu ba, yi amfani da tsawon nata. Kwana uku ko huɗu bayan aski ta ɗara ƙiri-ƙiri, sai a haɗa kashi ɗaya na glyphosate, maganin da ke kashe kowace ciyawa, da kashi biyu na ruwa, a sa safar hannu ta roba, a tsoma soso a matse shi sosai, a shafa wa ganyenta ita kaɗai. Duk inda ya ɗiga zai bar tabo, don haka aikin babban mutum ne, kada a bar wa yaro.

Na je shagon kayan gona na ce a ba ni maganin ciyawa. Aka fesa, kwana goma sai ga filin gaba ɗaya ya yi rawaya, har da ciyawar da na dasa. Ko na yi ta zuba ruwa zai wanke? — Wata uwargida, Samaru

Hajiya, sai haƙuri, ruwa ba zai wanke shi ba. Yadda kika ce sai bayan kwana goma ya nuna, glyphosate aka ba ki. Shi ta ganye yake shiga ya gangara har saiwa, kuma ba ya zaɓe. Mai shago bai yi ƙarya ba, maganin ciyawa kika tambaya, shi kuwa manomi mai share gona ya saba sayar wa.

A daina sayen magani da sunan da aka rubuta da manyan baƙaƙe, don sinadari ɗaya yana zuwa da sunaye barkatai. A duba ƙananan rubutun da ke ƙasa. Glyphosate da paraquat kashe-duka ne. 2,4-D mai zaɓe ne, yana kashe masu faɗin ganye ya bar dangin ciyawa. Pendimethalin kuma hana iri tsirowa yake yi, bai da aiki kan abin da ya riga ya fito. Paraquat kam kada ya shigo gida ko kyauta aka ba ki: kurɓi kaɗan yana kisa, ba shi da makari, Tarayyar Turai ta hana shi tun 2007, NAFDAC ma ta sanar da haramta shi daga farkon 2024.

Ki jira mako uku. Ƙiri-ƙiri tana da taurin rai, sau da yawa tana sake tofowa daga jijiyoyin ƙasa. Inda bai farfaɗo ba a kankare mataccen, a sassauta ƙasa, a dasa sabbin reshe tazarar santimita 15 zuwa 20. Glyphosate yana manne wa ƙasa ya daina aiki, ba zai taɓa sabon dashe ba. Ki yi ƙoƙari a gama kafin ƙarshen Agusta, don ta rufe ƙasa kafin ruwa ya ɗauke a Oktoba.

Nonon kurciya, ƙashin yawo da balasa ne suka dame ni. An ce 2,4-D zan fesa. Gwangwanin madara nawa zan zuba a famfon feshi? — Wani malamin makaranta, Kongo

Malam, ajiye gwangwanin nan, awon gona ne. A haraba sirinji ake so, ka saya a kemis ka keɓe shi don wannan aiki.

Mafi yawan 2,4-D da ke kasuwa mai ƙarfin giram 720 a lita ne, kuma awonsa lita 1 zuwa 1.5 ne a hekta. In aka rage lissafin, mililita 10 zuwa 15 ke nan a fili mai mita 10 tsawo, mita 10 faɗi. In takardar jikin kwalbar ta faɗi wani awo daban, ita za ka bi. Yawan ruwan da za a haɗa kuwa ya danganta da tafiyar mai feshi da irin nozul ɗinsa, wato bakin famfon da feshin ke fita, shi ya sa ake gwaji. Auna mita 10 sau 10 da tef, zuba ruwa zalla lita 5 a famfo, a fesa wurin da tafiyar da aka saba, sannan a auna abin da ya rage. In lita 2 ta rage, mai feshinka lita 3 yake ci a wannan fili, sai a zuba mililita 10 zuwa 15 ɗin cikin lita 3. Masu cewa bari a ƙara kaɗan don ya ji jiki su ne ke ƙona ciyawarsu, ga shi ganyen hakin yakan ƙone tun maganin bai kai saiwa ba.

Kada a yi aski kwana biyu kafin feshi da kwana biyu bayansa, maganin yana bukatar ganyen da zai kama. A fesa da safe bayan raɓa ta bushe, babu iska, babu hadari, don yana son aƙalla awa shida ba ruwa. In ciyawar kafet ce a gidanka, fara gwada ƙaramin awon a lungu guda ka jira mako, ta fi ƙiri-ƙiri saurin jin jiki. Sabon dashen da ba a yi masa aski sau uku ba, a ƙyale shi.

Abin da ya fi jawo rigima da maƙwabta shi ne iska. Ƙurar 2,4-D kaɗan ta isa ta murɗe ganyen tumatir, kuɓewa, barkono, gwanda da furanni, su lanƙwashe kamar an murza su. Ka riƙe nozul ƙasa-ƙasa, daidai gwiwa, kada a matsa famfo har feshin ya koma hazo. Famfon da ya sha 2,4-D kuma kada ya je kan kayan lambu, ɗauraya ɗaya ba ta fitar da shi.

Nonon kurciya da ƙashin yawo za su faɗi in suna ƙanana. Balasa takan jure, kuma duk guntun karanta da aka bari kan danshi sai ya yi saiwa. Ita a tuge ta da hannu a kwashe a buhu.

Ina da yara ƙanana da rijiya a tsakar gida, ba na son magani ko kaɗan. Akwai hanya? — Wata mai karatu, Gyallesu

Akwai, Hajiya, kuma a ƙaramin fili mu ma ita muka fi so. Haki ba ya samun shiga sai inda rana ta taɓa ƙasa, saboda haka aikin shi ne a sa ciyawar ta yi kauri.

A fara da aski. Mai langa-langa yakan sare har ƙasa don a ga ya yi aiki, nan kuwa ƙofa ya buɗe wa iri. A bar ƙiri-ƙiri a tsawon santimita 3 zuwa 5, kafet kuma 5, kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon a yanka guda. Da damina aski duk mako ke nan, ko kwana goma.

Sai taki. A fili mai mita 10 sau 10, a watsa kilo 3 na kamfa 15:15:15 idan ruwa ya zauna a Yuni, bayan mako shida a bi da kilo 1 na yuriya. A watsa ganye na bushe, a bi da ruwa nan take, in ba haka ba yuriya za ta ƙona. Kashin shanu ko na awaki wanda bai ruɓe ba, irin haki ne fal a cikinsa. A tara shi a jiƙa, ana juyawa, sai ya yi baƙi ya daina zafi.

Inda kika ga tuji ya yi kaka-gida, ƙasar ta daddale ne, galibi hanyar da ake bi ko inda ake ajiye mota. A caccaka wurin da cokalin haƙa ko ƙarfe mai tsini, zurfin santimita 10, a share yashi da ruɓaɓɓen taki cikin ramukan. A yi cira washegarin ruwan sama, da tsohuwar wuƙa, a fito da saiwa duka, kuma duk gurbin da ya kai tafin hannu a dasa masa reshe a ranar.

Da rani, ban ruwa mai yawa sau biyu a mako ya fi yayyafin kullum, wanda irin haki na sama-sama kawai yake tayarwa. Mun san halin ruwa a Zariya. In babu, a bar ƙiri-ƙiri ta bushe da hunturu, ruwan farko zai tashe ta.

Tofa ta shigo ta gefen katanga. Na banka mata wuta da rani, ta dawo fiye da da. — Wani mai karatu, Shika

Wuta abokiyar tofa ce, Malam. Tana cinye ganye ta bar jijiyoyin, farare masu tsinin da ke huda tafin ƙafa, su kuma su tofo su yi fure kafin kowace ciyawa ta farfaɗo. 2,4-D ba ya taɓa ta, don dangin ciyawa ce. Ko dai a tona a tsince jijiyoyin kaf, ko a sare ta, a jira sabon ganye ya kai tsawon gwiwa, a shafa glyphosate da soso kamar yadda muka faɗa kan aya-aya, a maimaita bayan wata guda. Ruwan haɗin ya zama garau, domin laka tana kashe ƙarfin glyphosate tun a cikin bokiti. In daga filin maƙwabci take ratsowa, a haƙa rami mai zurfin rabin mita a bin katanga, a riƙa datse duk wadda ta leƙo.

Ƙarangiya da tsidau sun hana yara wasa ba takalmi. — Wata uwa, Tudun Wada

Dukansu shekara guda suke yi su mutu, da iri suke dawowa. A cire su a Yuni da Yuli kafin su yi ƙaya. Wadda ta riga ta zuba, a ja tsohon bargo ko buhun algarara a kan filin, ƙayar za ta manne, a ƙone shi. Tsidau kwance yake, aski ba ya samunsa, sai a ɗaga rassan a yanke saiwar tsakiya.

An ce gishiri ko baƙin mai yana kashe hakin da ke fitowa tsakanin intalok. — Wani mai karatu, Sabon Gari

Yana kashewa, amma ruwan sama zai kwashe shi zuwa gindin ciyawa da bishiyoyi, baƙin mai kuma har rijiya yana iya kaiwa. Tafasasshen ruwa a buta ya wadatar. A zuba, a maimaita bayan mako, a kankare, a cike tsagogin da yashi mai laushi.

Bayan feshi, yaushe zan ba ragona ciyawar da aka yanke? — Wani mai kiwo, Wusasa

Yankan farko bayan feshi kada a ba dabba, kada kuma a zuba shi gindin tumatir. A ɗaure rago da awaki, a tsare kaji, aƙalla mako biyu, ko abin da takardar maganin ta ce in ya fi haka. Yara kuma sai ganye ya bushe sarai, gara ma a bar su zuwa washegari. Mai feshi ya sa dogon wando, takalmin roba, safar hannu da takunkumi, in nozul ya toshe ya goge da tsohon buroshin haƙori, kada ya busa da baki. Kwalbar da ta ƙare a ɗauraye ta sau uku ana juye ruwan cikin famfo, sannan a huda gindinta da ƙusa don kada wani ya tsinta ya zuba man gyaɗa.