Ana ta cewa ba na sauraro, alhali kunnena ƙalau

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya ƙoƙari. Don Allah shawara nake nema. Shekarata 7 da aure kuma kusan duk saɓanin da muke samu da matata a waje ɗaya yake ƙarewa, wai ba na sauraron ta. Ni kuma wallahi ina ji, har mafita nake kawo mata tun kafin ta ƙarasa maganar, amma sai kawai ta ce "bar shi, ya wuce" ta tashi ta ba ni waje. To satin da ya wuce ogana ma ya ja ni gefe bayan mitin ya ce in rage katse mutane. Abin ya tsaya min a rai sosai. Ina matsalar take?

Daga wani mai karatu

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanena. Ai kai da kanka ka faɗi matsalar a wasiƙarka ba ka lura ba, inda ka ce "tun kafin ta ƙarasa". Nan matsalar take. Kunnenka yana ji, babu musu, amma hankalinka ya riga ya yi gaba ya tafi haɗa amsa, kuma mai magana yana gane hakan a idonka ko da bakinka a rufe yake.

Ba kai kaɗai ba ne, don haka kar ka ɗauka wani mugun hali ne da kai. Mutum yana faɗin kalmomi wajen 125 zuwa 150 a minti ɗaya, ƙwaƙwalwa kuma ta fi baki sauri nesa ba kusa ba, to wannan rarar lokacin da take samu shi ne take yawo da shi, ta leƙa aikin gobe, ta dawo, ta yi hasashen inda maganar za ta, ta shirya raddi ta ajiye tana jiran a yi numfashi ta sako shi. Wani malami a Jami'ar Minnesota ta Amurka, Ralph Nichols, ya yi shekaru yana gwada mutane a kan sauraro a wajajen 1950, ya ga cewa da an gama yi wa mutum bayani kusan rabi kawai yake riƙewa, ko da kuwa yana ganin ya kasa kunne sosai. Sannan a 2009 an yi nazarin hirar mutane a harsuna 10 aka ga tazarar da ke tsakanin shirun wannan da buɗe bakin wancan a matsakaici ba ta wuce kamar kashi ɗaya cikin biyar na sakan ba. Ka ga ke nan yawancinmu tun ana magana muke ƙera amsa.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na likitoci. A 1984 wasu masu bincike, Howard Beckman da Richard Frankel, sun naɗi ganawar likitoci da marasa lafiya guda 74, suka tarar a matsakaici sakan 18 kacal ake barin mara lafiya yana bayani kafin a katse shi, kuma kashi 23 cikin 100 ne kawai suka samu ƙarasa abin da ya kawo su. Ba mugunta ce ta sa likitocin ba, so suke su taimaka da wuri, kamar kai dai. Amma sau da yawa abin da mutum ya fara faɗa ba shi ne ainihin damuwarsa ba, share fage yake yi, yana gwada ka ya ga ko za ka tsaya.

Na ga wannan a ɗakina. 'Yata tana da shekara 9 ta zo ta tsaya a bakin ƙofa da safe, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, ta ce Mama ni ba na son zuwa makaranta. Ban bari ta ƙara kalma ba na hau wa'azin amfanin ilimi, ta sunkuyar da kai ta saka ɗayan takalmin ta tafi. Sai bayan sati biyu malamarta ta kira ni, ashe yarinyar ba ta ganin rubutun allo ne, tana kwafar kuskure ana yi mata dariya, tabarau take buƙata. Har yau in na tuna tsayuwar nan tata sai zuciyata ta yi nauyi, don da na ce "me ya faru?" na yi shiru, da a ranar zan sani.

To ga abin da nake so ka gwada, kuma da matarka za ka fara don ita ta fi cancanta. In ta fara magana ka kife wayarka, ko ma ka ajiye ta a wani ɗakin, ka juyo da jikinka gaba ɗaya ba wuya kawai ba. In ta yi shiru kar ka ɗauka ta gama, ka ƙirga uku a ranka, za ka sha mamakin yadda muhimmiyar maganar take fitowa bayan wannan ɗan shirun. Da farko zai yi maka nauyi, bakinka zai yi ta ƙaiƙayi, daure.

Sai babbar, wadda masanin halayyar ɗan'adam Carl Rogers ya ba da shawara tun farkon shekarun 1950: kar ka faɗi ra'ayinka sai ka maimaita abin da ɗayan ya faɗa da kalmominka, har da yadda abin ya sa shi ji, kuma shi ya yarda cewa eh haka yake nufi. Misali ta ce ta gaji da aikin gida, maimakon "to a nemo mai taya ki" sai ka ce "in na fahimce ki, ba yawan aikin ne ya fi damun ki ba, rashin wanda zai lura ne, haka ne?" In ka yi kuskure za ta gyara maka, kuma gyaran nan shi ne ribar, don a nan za ka ji abin da shekara 7 ba ka ji ba. Amma don Allah kar ka mai da shi kamar karatun aku, za ta gane.

Kuma ka dinga tambaya kai tsaye, "shawara kike so ko so kike in saurare ki?" Ba mata kaɗai ba, maza ma sau tari sun san mafitar, abokin tayawa suke nema. In kuma ranka a ɓace yake ko ka gaji liƙis, faɗi gaskiya ka ce a ba ka minti 20, amma kai za ka dawo ka tayar da maganar ba ita ba.

A ofis kuma riƙe biro da takarda, duk abin da ya zo maka ka rubuta maimakon ka faɗa, tsoron mantuwa ne ke sa yawancin mutane katse wasu. Kuma "ban tari numfashinka ba" ba lasisi ba ne, in ka faɗa sau biyar a mitin ɗaya ka tara ɗin. Ka lura ma ko akwai waɗanda ka fi katsewa, ƙananan ma'aikata ko wanda ka riga ka yanke cewa ba shi da abin faɗa, wannan shingen ya fi hayaniya toshe kunne.

Abu na ƙarshe, tunda ka ce kunnenka ƙalau na yarda, amma in ka ga kana yawan cewa "na'am?" a cikin taro ko kana ƙure sautin talabijin, je a auna maka ji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum wajen miliyan 430 ne ke da raunin ji mai buƙatar kulawa, kuma yakan shigo a hankali ba tare da mutum ya ankara ba. Ka gwada sati biyu ka sake rubuto min, ina son jin abin da ta ce ranar da ka fara yin shirun nan. Ka gaishe ta.